Wace Ce Kake Kira Ran Lahadi?

Ranar da na yi rantsuwar zama ɗan ƙasar Amurka ban tsaya cin kek ɗin da aka yanka mana ba. Ina karɓar takardata na cusa 'yar tutar da aka ba ni a aljihu, na falla da gudu zuwa ofishin Sajan Delgado, takalmin fareti yana cizon dunduniyata. Shi ne mai kula da masu son sauya aiki a bataliyarmu, kuma wata goma sha huɗu ke nan ina yi masa sintiri, har ya haddace takuna.

"Amezyan," ya ce tun kafin in ƙwanƙwasa, "in dai koren katin nan na zaman baƙi ka sake kawo min, juya ka koma kicin."

Na shimfiɗa masa takardar a kan tebur ina haki. Ya duba, ya ɗago ya dube ni, ya sake dubawa.

"Kai! Ko tawadar ba ta bushe ba."

"Sajan, a duba min. Don Allah a duba yanzu."

Sunana Tayeb Amezyan. An haife ni a wani ƙauye kusa da Tarudant a kudancin Maroko, kuma tun ina ɗan shekara goma sha huɗu nake hawa rufin gidajen mutane ina saita musu dish. Daga ƙarar iska a cikin faifan nakan gane ya goce. Na yi difloma ta lantarki a Agadir, cacar biza ta faɗo kaina, na zo Amurka, na shiga soja da tunanin za su rungume ni su ce ga wanda suke nema. Sai mai ɗaukar kurata ya juyo min da allon kwamfuta ya ce mai koren kati ga iyakar abin da zai zaɓa: kuku, direba, ko mai ƙirga kaya a sito. Na zaɓi kuku, na ce ai na ɗan lokaci ne. Shekara uku na yi a barikinmu na Texas ina fasa ƙwai da hannu biyu.

Abin da raina yake so shi ne sadarwar tauraron ɗan Adam, manyan dish ɗin nan da ake ja da mota, a kafa su a tsakiyar daji a haɗa runduna da duniya. Duk sanda na wuce filinsu da motar kai abinci sai na rage gudu. Wata rana na ga wani farabiti yana juya dish kamar mai tuƙa tuwo, saura ƙiris in sauko in mare shi.

Sajan Delgado ya gama latse-latsensa ya jingina da kujera.

"Akwai gurbi ɗaya a makarantar sadarwa, ranar biyu ga Satumba. Makinka ya fi abin da suke so. Na riƙe maka. Saura abu guda, takardar amana. In ta fito kafin ƙarshen Agusta, ka tafi. In ba ta fito ba, wani ya hau kujerarka."

Takardar amana ita ce shaidar cewa gwamnati ta tone asalinka da mutanenka ta yarda ka taɓa sirrinta. Ba a ba wanda ba ɗan ƙasa ba, abin da ya tsare ni ke nan duk shekarun nan. Na fito daga ofishin ban san sanda na sara wa wani mai yankan ciyawa ba.

A kicin kuwa, Sajan Loretta Gaskins, shugabarmu, ta ɗauki ludayi ta dinga dukan babbar tukunya har kowa ya tsaya.

"Ku ji, ku ji! Yaron nan zai bar mu ya tafi yin hira da taurari! Wa zai riƙa soya wa kanar ƙwai yanzu? Kai, Saint-Fleur? Naka ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci."

Aka kwashe da dariya, aka ɗaga ni sama da rigar kuku, hulata ta faɗa cikin kwaɓin fanke. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da na sauka a ƙasar nan.

Fom ɗin ya zo bayan kwana uku, a kwamfuta, shafi sama da ɗari. Duk inda ka taɓa kwana cikin shekara goma suna so, da lambar gida da sunan titi. A ƙauyenmu adireshinmu shi ne gidan da ke bayan injin matsar zaitun, haka na rubuta musu. Na zauna a ɗakin hutu na kicin ina cikawa, Kofur Wilnor Saint-Fleur yana tsaye a kaina yana cin ayaba. Wilnor ɗan Haiti ne, abokina na ƙut da ƙut, kuma lauyan kicin. Bai taɓa neman takardar amana ba, amma babu dokar soja da ba shi da fatawa a kanta.

Muka zo shafin dangi. Uwa: Tlaitmas, ta rasu a 1993. Uba: ya rasu. 'Yan'uwa na ciki ɗaya: babu.

"Mutumina, kai ɗan gata ne!" in ji Wilnor. "Maraya fes! Ka san abin da ke kashe mu baƙi? Dangi. Wani ɗan Filifin a bataliya ta biyu ya rubuta mutum talatin da ɗaya, yau shekara biyu yana jira. Kai naka sati uku ya yi yawa."

Na yi dariya, na wuce shafi na gaba. A nan dariyar ta tsaya. Tambayar ta ce in lissafa duk wani ɗan wata ƙasa da nake da kusanci da shi, muke kuma magana a kai a kai.

Kwanana tara a duniya mahaifiyata ta rasu. Mahaifina direban babbar mota ne, bai san yadda ake riƙe jariri ba, sai ya naɗe ni a bargo ya tsallaka katanga ya miƙa wa maƙwabciyarmu Ijja, wadda ta haifi ɗanta Bihi wata biyu kafin nan. Ta sa Bihi a dama, ta sa ni a hagu. Daga ranar ba ni da wani gida sai nata, har na bar ƙasar. Ba jini tsakaninmu, ba takarda, ba kotu. A wajenmu nono ya wadatar. Ita nake kira Inna, kuma ita nake bugawa waya duk Lahadi bayan an tashi daga abincin rana, in kife akwatin madara a bayan kicin in zauna, mu yi ta ihu da yarenmu na Shilhanci kamar wayar ba ta aiki. Duk kicin sun san lokacin. Masu fitar da shara sukan leƙo fuskarsu a waya su ce, "Salam, Mama!" ita kuma ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya.

Na fara rubuta sunanta. Wilnor ya daina tauna.

"Tsaya. Ba ita ce ɗanta yake ɗan sanda ba?"

"Jandarma ne."

"Jandarma! Mai kakin wata gwamnati? Mai bindigar wata gwamnati? Tayeb, kana sa sunan matar nan za su tambayi 'ya'yanta, suna jin jandarma kashinka ya bushe. Ka mutu kana fasa ƙwai."

"To ai ita ce uwata."

"A ina? Nuna min. A takardar haihuwarka wa aka rubuta? A takardar bizarka fa? Mutanen nan takarda suke bi, ba nono ba. A takarda matar nan maƙwabciya ce, wa ke lissafa maƙwabta? Goge. Kuma ka ɗan daina kiran nan har a gama, wata biyu ne kawai, ba mutuwa za ta yi ba."

Ba zan ɗora wa Wilnor laifi ba. Shi ya faɗa, amma yatsana ne ya goge. A ƙarshen fom ɗin akwai gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa ɓoye gaskiya laifi ne, na karanta shi sarai, na sa hannu. Lahadin da ta biyo baya na ce wa Inna za mu shiga daji atisaye, ba waya, sai bayan wata biyu.

"Allah ya tsare min kai," ta ce. "Ka riƙa sa safa biyu."

Na kashe wayar ina jin kaina kamar ɓarawon akuya. Amma da na tuna biyu ga Satumba sai zumuɗi ya danne kunyar. Na sayi littattafan sadarwa, ina juya nama a kasko ina haddace sunayen igiyoyi. Na manna kalanda a cikin ƙofar kabad ɗina ina soke kwanaki. Har jakar tafiya na haɗa tun watan Yuli. Ranar Lahadi kaɗai ce ke ba ni wahala, sai in nemi aikin wanke tukwane don kada in ga akwatin madarar nan.

Sati bakwai ana haka, ranar wata Alhamis, Sajan Gaskins ta leƙo ta ce ana nemana a ginin karatu da ƙarfe biyu, mai bincike ya zo.

"Ka kwantar da hankalinka, yaro," ta ce tana kashe min ido. "Jiya ya zagayo nan ba ka nan. Mun wanke ka tas. Yabon da na yi maka ko ɗan cikina ban taɓa yi wa ba."

Na goge kaki, na tafi ina taku ɗai-ɗai, bakina har kunne.

Ɗakin ƙarami ne, sanyin na'ura kamar cikin firij. Mai binciken wani dattijo ne farar hula, Mista Pruitt, da abin ji a kunne da tabarau a kan karan hanci. Ya nuna min katin aikinsa, ya sa na ɗaga hannu na yi rantsuwa, sannan ya buɗe fayil.

"Kafin mu fara, Kofur, akwai abin da kake son gyarawa ko ƙarawa a fom ɗinka?"

"Babu, yallaɓai."

Ya ɗan dube ni ta saman tabarau, ya ce to. Muka bi shafi-shafi. Ya yi dariyar injin zaitun. Ya tambayi fasfona na Maroko, na ce yana cikin jaka, duk abin da aka ce in yi da shi zan yi. Komai yana tafiya sumul, har na fara tunanin irin abincin da ake ci a Georgia, inda makarantar take.

"Mahaifiyarka ta rasu a 1993."

"Haka ne, yallaɓai."

"Ina yi maka ta'aziyya." Ya juya wani ɗan littafi. "Jiya na gana da mutum huɗu a kicin ɗinku. Bari in karanta maka. Sajan Gaskins ta ce, duk namijin da ke kiran uwarsa kowace Lahadi ba fashi, ita za ta ba shi makullin gidanta. Wani farabiti ya ce mamanka tana sa masa albarka a waya. Wata kuma ta ce mamanka ta aiko da wani abu na almon da zuma da ake shafa wa burodi, kuma in na gan ka in tambaya ko akwai saura."

Ya rufe littafin a hankali.

"To, Kofur. Ko dai kana da wayar da ke kaiwa lahira, wanda in haka ne sashen sadarwa yana bukatarka yau ɗin nan, ko kuma akwai abin da ban gane ba. Wace ce kake kira ran Lahadi?"

Duk sanyin ɗakin nan gumi ya karyo min ta ƙeya. Wata murya, mai kama da ta Wilnor, ta ce in ce wata tsohuwar maƙwabciya ce da nake tausayawa, Turawa ne ba su gane ba. Hanya ce a buɗe, kuma kusan gaskiya ce. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka. Kalmar ta zo har kan harshena ta ƙi fita. Na goge ta a fom, na yi mata ƙarya a waya, amma in zauna bayan rantsuwa in kira Inna maƙwabciya da bakina, wannan ya fi ƙarfina.

"Uwata ce, yallaɓai. Sunanta Ijja."

"Matar uba?"

"A'a."

"Ƙanwar mahaifiyarka? Ko kotu ce ta ba ta kai?"

"Ba ko ɗaya. Ta shayar da ni."

Ya taɓa abin kunnensa kamar ya ɗauka shi ne ya lalace. Sai na yi masa bayani tun daga bargo da katanga. Na ce masa a wajenmu wadda ta shayar da kai ta zama uwarka har abada. 'Yarta Zaina ƙanwata ce, babu limamin da zai ɗaura mana aure ko da duniya za ta tashi. Ranar da Inna ta rasu, ni da Bihi ne za mu shiga kabari mu karɓe ta. Na ce na duba jerin dangin da ke fom ɗin, akwai matar uba, akwai suruka, akwai mariƙiya, ban ga uwar nono ba.

"Gurbin mariƙiyar ai da ya ɗauke ta," ya ce. "Shafi na gaba ma da ya ɗauke ta. Ka karanta shi?"

"Na karanta."

"Me ya hana ka rubuta ta?"

"Ɗanta jandarma ne. Tsoro na ji."

Ya ɗauki biro. Ya tambayi cikakken sunan Bihi, muƙaminsa, inda yake aiki. Na ce yana tsaye a hanyar Tarudant yana tare motocin kankana masu lodin wuce kima. Ya ce ya taɓa tambayata wani abu game da aikina? Na ce sau ɗaya, ya tambaya ko takalmin sojan Amurka yana da lamba arba'in da huɗu. Dattijon ya yi murmushi kaɗan, amma bai daina rubutu ba.

"Bari in gaya maka wani abu, Kofur. Shekarata ashirin da shida a wannan aiki. Ba mutumin da ba shi da kowa muke nema ba, irin wannan ma tsoro yake ba ni. Jandarman da ka rubuta da hannunka ba abin da za a yi maka da shi. Wanda ka ɓoye shi ne igiya a wuyanka, duk wanda ya gano shi zai iya janka. Da ka faɗa sanda na tambaye ka da farko, da labarin ya fi haka sauƙi."

"Shi ke nan na rasa?"

"Ba ni ke yankewa ba. Ni rubutawa nake yi, wasu su karanta. Zan rubuta cewa ka ɓoye, zan kuma rubuta cewa da na tambaye ka kai tsaye ba ka yi kwana-kwana ba." Ya turo min farar takarda. "Rubuta da hannunka wace ce ita a wurinka, da dalilin da ya sa ka bar ta. Kada ka yi wa abin ado."

Na rubuta shafi ɗaya da rabi. Ya karanta, muka sa hannu mu biyu, ya ba ni kwafi. A bakin ƙofa ya ce, "Abin almon ɗin nan, yaya sunansa?" Na ce amlu. Ya rubuta a bayan hannunsa.

Ban koma kicin ba. Na zauna a gefen filin ajiye motoci, rana tana dukan kaina, na buga wa Inna waya ranar Alhamis, abin da ban taɓa yi ba. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna. Ni ne. Ba daji na je ba. Ƙarya na yi miki."

"Yo ai na sani. Bihi ya nuna min ɗigon nan kore a jikin hotonka a waya, kullum yana kunne. Na ce ku bar shi, ɗan da na goya ne, in ya gama haukarsa zai dawo. Ka ci abinci?"

Na yi kuka a filin motoci da kakin soja, wani laftanar ya wuce ya yi kamar bai gani ba. Na gaya mata aiki nake nema, na ji tsoro, na ɓoye ta. Ita kuwa sai ta shiga ba ni labarin akuyarta da ta haifi uku.

Da na koma, Sajan Gaskins ta ji labari ta dafe kai.

"Wayyo ni! Ni da bakina na kashe ka?" Sai kuma ta juya ta hango Wilnor yana neman sulalewa ta bayan firij. "Kai, lauya! Zo nan. Daga yau har Kirsimeti kai ne mai wanke makwararar mai. In na sake jin ka ba wani shawara, ko ta yadda ake ɗaura takalmi ce, sai na soya ka."

Ƙarshen Agusta ya zo ya wuce. Ranar biyu ga Satumba ina tsaye a gaban kasko, wani yaro ɗan Ohio ya tafi a gurbina. Na kwance jakar da na haɗa, na cire kalandar. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi kwana uku ba na yi wa Wilnor magana, sai da ya zo da tukunyar shinkafa da wake irin ta garinsu ya ajiye min a ƙofa. Ran Lahadi na koma kan akwatin madarata. Aka aiko min da wasu tambayoyi a rubuce, na amsa. Aka sake aiko da wasu, na amsa. Duk wanda na taɓa gaisawa da shi a Maroko na rubuta, har mai gyaran keken ƙauyenmu.

Ranar sha tara ga Nuwamba, muna tsakiyar shirin babban abincin bikin godiya da Amurkawa ke yi duk shekara, hannuna har gwiwa a cikin talo-talo, sai ga Sajan Delgado ya shigo kicin ba hular gashi, abin da Sajan Gaskins ba ta yafe wa ko janar.

"Fita min daga kicin da wannan kan naka!"

"Minti ɗaya, Sajan. Amezyan! Kana da jakar tafiya?"

Na tsaya da talo-talo a hannu.

"Takardar amanarka ta fito. Da wasiƙar jan kunne a manne, amma ta fito. Shida ga Janairu, Georgia. In ka sake ɓata min wannan gurbin, ni da kaina zan mayar da kai Maroko a ƙafa."

Ban san inda na jefa talo-talon ba, daga baya aka tsince shi a cikin kwandon dankali. Na rungume Delgado da hannuna mai maiƙo, na lalata masa kaki. Sajan Gaskins tana dukan tukunya tana share hawaye da gefen riga. Wilnor ya hau kan tebur yana ihu, "Ban gaya muku ba? Ni na ce ya faɗi gaskiya!" Aka jefe shi da albasa.

Kafin in tafi na ɗauki kwafin takardar nan da na rubuta wa Mista Pruitt na je wurin jami'in tsaro na bataliya, na ce ina so in aika wa uwata, ya halatta? Wannan karon sai da na tambaya. Ya karanta ya ce maganata ce, ba sirrin kowa a ciki. Na sa a ambulan na aika.

Satina na uku a makaranta aka fara barinmu mu taɓa dish na gaske. Malamin ya ba kowa minti goma sha biyar ya kamo tauraro. Na kama a minti huɗu, ya zagayo yana duba ko wani ya taimake ni. Lahadin nan na buga wa Inna ina zumuɗin ba ta labari, ko sallama ban gama ba na fara zuba. Ta bar ni na yi ta yi, sannan ta ce wa Bihi ya juya wayar.

A bangon ɗakinta, sama da talabijin, ga takardata a cikin gilashi. An ja layi da jan biro a ƙarƙashin wata kalma.

"Bihi ya ce wannan sunana ne," ta ce. "Ya ce gwamnatin Amurka tana da irinta a ajiye."

"Tana da ita, Inna. Ba za su taɓa yar da ita ba."

"Shi Turancinsa na kan hanya ne, ban yarda da shi ba. Kai ka karanta min da yarenmu. Layin farkon kawai."

Ba sai na duba ba, na haddace. Na ce, "Ijja 'yar Lahsan, ta ƙauyen da aka haife ni, ita ce uwata."

Ta ɗaga kai ta dubi takardar a bango. Da ta juyo muryarta ta canza.

"Ranar da na kai ka makaranta, malam ya ce ke wace ce a wurinsa, na ce maƙwabciya. Da ka karye a hannu, a asibitin Tarudant, suka ce uwa ko uba kaɗai ke sa hannu, na tsaya a waje. Ranar da za ka tafi, a ofishin fasfo, haka. Shekara talatin duk inda aka buɗe littafi, ni maƙwabciya ce." Ta gyara ɗankwalinta, ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. "Sake karantawa."

Na sake.

"Bihi, je ka kira min Zaina da matan gidan Hammu. Kai kuma kada ka kashe, za ka sake karantawa in sun zo."